Nairobi: Kwana uku da yara tsakanin marayun giwaye da raƙuman dawa

Idan iyali daga Najeriya suka samu halin fita ƙasar waje hutu, ko aiki ya kai maigida taro ya tafi da iyalinsa, abin da aka fi dawowa da shi shi ne akwatunan tsaraba da hotunan manyan kantuna. Da wuya ka ji an ware ko da wuni guda don yara su ga namun dajin ƙasar da aka je. Alhali kantunan nan duk kamarsu ɗaya, abin da ke cikin na Dubai shi ne a na Legas. Dabbobi kuwa kowace ƙasa da nata: Ostareliya na da kangaru, Sin na da panda, Kenya na da giwa da karkanda da raƙumin dawa iri uku.

Sai dai ba duk inda aka tara dabbobi aka sa kuɗin shiga ne ya cancanci a kai yara ba. Akwai wuraren da ake ceto dabba a raine ta a mayar da ita daji, akwai kuma inda ake azabtar da ita don baƙi su ɗauki hoto, kuma a irin waɗannan ne aka fi samun cizo da yakushi. A Nairobi, babban birnin Kenya, akwai wurare uku kusa da juna da ni da maigidana da yaranmu biyu muka zagaya cikin kwana uku. Abin da muka gani a can zai taimaki iyaye su bambance wuri na gari da na banza a kowace ƙasa suka je.

Daji a bakin birni

Gandun Dajin Nairobi shi ne na farko da aka kafa a Kenya, a shekarar 1946. Faɗinsa murabba'in kilomita 117 ne, kuma tsakaninsa da tsakiyar birni bai fi kilomita bakwai ba. An kewaye shi da shinge ta ɓangare uku, aka bar kudu a buɗe, inda kogin Mbagathi ya yi masa iyaka, don dabbobi su riƙa fita kiwo filayen Kitengela suna dawowa kamar yadda suka saba tun kafin a gina birnin.

Da asuba ake shiga, domin da rana ta ɗaga zakuna sukan shige inuwa su kwanta. Nairobi na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,800 daga teku, saboda haka sanyin safiyarta kamar na Jos ne a lokacin hunturu. Mun shiga cikin mota mai buɗaɗɗen rufi, yara sun duƙunƙune cikin rigunan sanyi, kuma ba mu yi nisa ba muka ci karo da garken jakunan dawa suna kiwo tare da kanki da barewa. Can gaba ga ɓauna ta tsaya ƙyam tana kallonmu, tsuntsayen carki na tsince mata kaska a baya. Bayanta kuma, daga nesa, dogayen benayen birni ne a jere, jiragen sama na sauka filin Jomo Kenyatta. Layin dogo na zamani ma ya ratsa gandun a kan dogayen ginshiƙai don dabbobi su riƙa wucewa ta ƙarƙashi.

Dokar wurin ba ta da yawa, amma ba a wasa da ita: ba a fita daga mota sai a wuraren da aka keɓe, ba a ba dabba abinci, ba a ihu ko buga mota don ta juyo. Autanmu mai shekara biyar ya tambaye ni, "Umma, me ya sa ba za mu matsa kusa da zakin ba?" Direbanmu ne ya ba shi amsa, ya ce ai gidan zaki muka zo, baƙo kuwa inda aka ajiye shi nan yake zama.

A cikin gandun akwai wani fili da aka tara toka fara. A nan ne Shugaba Daniel arap Moi ya cinna wa tan 12 na hauren giwa wuta a 1989, don ya nuna wa duniya cewa Kenya ba za ta ci ribar kisan giwaye ba. A 2016 Shugaba Uhuru Kenyatta ya ƙone tan 105. Yara na iya sauka a wurin su ga tokar, kuma ya fi kyau su gan ta kafin a kai su wurin marayu, don su san abin da ya raba wasu daga cikinsu da iyayensu.

Awa ɗaya da marayun giwaye

Babu giwayen daji a Gandun Nairobi, ya yi musu kaɗan. Giwayen da ke cikinsa jarirai ne, a gidan marayu na gidauniyar Sheldrick da ke wani gefe na gandun. Daphne Sheldrick ce ta kafa gidauniyar a 1977 don tunawa da mijinta David, wanda shi ne shugaban farko na gandun Tsavo ta Gabas. Ta rasu a 2018, iyalinta suka ci gaba da aikin.

Awa ɗaya tak ake buɗe wa jama'a a rana, daga ƙarfe 11 na safe zuwa 12, kuma sai wanda ya nemi gurbi ta intanet tun kafin ranar. Baƙi kan tsaya bayan igiya a kewayen wani fili mai jar ƙasa da kududdufin taɓo. Jim kaɗan sai ga 'yan giwaye sun ɓullo daga cikin kurmi a guje, kunnuwa na kaɗawa, kowane ya nufi mai renonsa da ke tsaye cikin koriyar riga riƙe da ƙatuwar kwalbar madara. Waɗanda suka ɗan tasa da kansu suke naɗe kwalbar da hanci su kafa kai. Da sun shanye sai su faɗa taɓo, wannan ya hau bayan wannan, masu reno na watsa musu ƙasa da shebur, domin ƙasa da taɓo ne ke kare fatarsu daga rana da cizon ƙwari.

Suna cikin wasan ne ɗaya daga cikin masu renon zai riƙa kiran sunan kowane yana ba da tarihinsa. Galibi da sunan wurin da aka tsince shi ake kiransa. Wannan a rijiya ya faɗa, garken ya yi ta ƙoƙari ya kasa ciro shi. Wancan mafarauta ne suka harbe uwarsa. Wata kuma fari ne ya kashe uwarta. A farin 2022 kaɗai hukumomin Kenya sun ce giwaye fiye da 200 sun mutu cikin watanni tara. Akwai kuma waɗanda rikicin manoma da giwaye masu shiga gona ya raba da garkensu.

Duk uwar da ta taɓa shayarwa za ta fahimci wahalar aikin nan. Giwa na ɗaukar ciki wata 22, ta haifi ɗa mai nauyin kusan kilo 100, kuma ba zai rayu ba tare da nono ba a shekaru biyu na farko. Madarar shanu ba ta karɓarsa, kitsen cikinta na sa shi gudawa har ya mutu. Daphne ta shafe shekaru tana gwaji kafin ta gano haɗin da ya dace, wato madarar jarirai ta gwangwani da man kwakwa. Duk bayan awa uku ake ba su, dare da rana. Mai reno a ɗaki ɗaya yake kwana da jaririn, a kan gado da aka kafa daga sama, kuma ana lulluɓe ƙananan da bargo saboda sanyi na saurin sa musu ciwon huhu. A daji jikin uwa da na sauran matan garke ne ke yi musu wannan aiki.

Ba a barin mutum ɗaya ya riƙa kwana da giwa ɗaya kullum, juyawa ake yi. Dalilin haka wata 'yar giwa ce mai suna Aisha, wadda Daphne ta raina a shekarun 1970. Ta shaƙu da ita ƙwarai, har da Daphne ta yi tafiya bikin 'yarta, sai Aisha ta ƙi cin abinci, ta rame, ta mutu. Tun daga nan aka gane cewa maraya na buƙatar dangi masu yawa, yadda rashin mutum ɗaya ba zai karya shi ba. Mu da muka taso a gidan yawa, inda goggo da inna da kaka duk iyaye ne, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Idan sun kai shekara biyu zuwa uku sai a ɗauke su a mota zuwa yankin Tsavo, inda gidauniyar ke da sansanoni a Voi da Ithumba da Umani. A can suke fara cuɗanya da giwayen daji, suna fita da safe suna dawowa da yamma, har ranar da za su daina dawowa don kansu. Abin kan ɗauki shekaru. Wasu matan da aka raina sun haihu a daji, kuma sukan zo da jariran sansani masu renonsu su gani. Wanda ba zai iya komawa ba kuwa ana riƙe shi har ƙarshen ransa, kamar Maxwell, namijin karkanda makaho da aka tsinta a gandun a 2007.

Ƙarfe 12 na cika aka kaɗa su suka koma kurmi. Babbar 'yarmu mai shekara tara ta ce awa ɗaya ta yi kaɗan. Babanta ya ce mata jaririn da za a mayar daji bai kamata ya saba da mutane ba, domin giwar da ba ta tsoron mutum ita ce ke shiga gona, ita ce kuma ake fara harbewa.

Ido da ido da raƙumin dawa

Cibiyar Raƙuman Dawa tana unguwar Langata, tafiyar mintoci kaɗan a mota daga gidan marayun. Jock Leslie-Melville da matarsa Betty ne suka fara aikin a 1979, lokacin da nau'in da ake kira Rothschild bai wuce 130 ba a Kenya, duk a wata gona da ke yammacin ƙasar. Ana gane wannan nau'i da ƙafafunsa, daga gwiwa zuwa ƙasa fari ne sol kamar ya sa safa. A cibiyar ake kiwonsu su hayayyafa, 'ya'yan kuma idan sun tasa a kai su gandaye irin su na Tafkin Nakuru da na Ruma.

An gina wani dandamali na katako mai tsayi, yadda mutum zai tsaya daidai da kan dabbar. Sai ka wanke hannu kafin a ba ka 'yan dunƙulen abincin da aka haɗa da hatsi da ciyawa. Raƙumin dawa zai sunkuyo, ya zuro harshe mai duhu da ya kai tsayin santimita 45, ya naɗe abincin daga yatsunka. Harshen na da kaushi da yauƙi, da shi yake tsinko ganye daga tsakanin ƙayoyi. Ma'aikata na gargaɗin kada a tsaya kusa da kansa hannu wofi, don wasu sukan kai karo idan ba su ga abinci ba. A ƙasa kuma gadu ne ke ta kai-kawo tsakanin ƙafafunsu yana tsintar abin da ya zube.

Jikin dabbar nan abin mamaki ne. Duk tsayin wuyansa, ƙasusuwan ciki bakwai ne, daidai da na wuyan ɗan Adam. Zuciyarsa na kai nauyin kilo 11, kuma don jini ya hau har ƙwaƙwalwa, ƙarfin bugun jininsa ya ninka na mutum kusan sau biyu. Da mutum ne da tuni hawan jinin ya lalata masa ƙoda da zuciya, shi kuwa ko a jikinsa. Fatar ƙafafunsa a ɗame take kamar safar da likita ke ba mai kumburin ƙafa, ita ke hana jini taruwa a ƙasa, kuma akwai tarin ƙananan jijiyoyi a gindin ƙwaƙwalwa da ke taimakawa idan ya sunkuya shan ruwa. Wannan ya sa masu binciken cutar hawan jini ke nazarinsa. Macen na ɗaukar ciki kusan wata 15, a tsaye take haihuwa, ɗan ya faɗo ƙasa da tsayin da ya kai na babban mutum, kafin awa ɗaya ya miƙe.

Yawancin waɗanda muka tarar a wurin ɗaliban firamare ne na Kenya cikin kayan makaranta, malamansu na biye. An zaunar da su ana yi musu bayani da Suwahili, suna amsawa da ƙarfi. A nan yaranmu suka koyi cewa twiga shi ne raƙumin dawa, simba zaki, kifaru karkanda.

Tambaya biyu kafin a biya kuɗin shiga

Duk ƙasar da aka je, iyaye su nemi amsar tambaya biyu: daga ina dabbobin nan suka zo, kuma ina za su ƙare? Wuri na gari ba ya ɓoye amsar. Zai gaya maka wannan ceto ta aka yi, wannan a nan aka haife ta, waɗannan za a sake su, wannan ba za ta iya komawa ba saboda kaza. Za ka ga dabbar na da inuwa da ruwa da inda za ta ɓuya idan ta gaji da kallo, kuma ita ke zaɓar ta matso ko ta tafi.

Inda kuwa za a miƙo maka ɗan zaki ka rungume, ka tambayi kanka ina uwarsa, kuma ina ake kai su idan sun girma, tunda kullum ƙanana ake gani. A Afirka ta Kudu an daɗe da bankaɗo cewa da yawa daga irin waɗannan a hannun masu biyan kuɗi su harbe su cikin shinge suke ƙarewa, har gwamnatin ƙasar ta sanar a 2021 cewa tana son kawo ƙarshen kiwon zakuna don kasuwanci. Haka hawa giwa a wasu ƙasashen Asiya: ba ta yarda a hau ta sai an raba ta da uwa tun tana ƙarama an horar da ita da duka da sarƙa. Mu ma mun san irin wannan a gida, kurar gardi da takunkumi a baki da biri ɗaure da sarƙa a kasuwa. Dabbar da ke safa da marwa a keji ba hutawa, ko take kaɗa kai ba dalili, damuwa ce ta yi mata yawa, kuma irinta ce ke kai hari ba zato.

Lafiyar yara a wurin dabbobi

Rigakafi ya fi magani. Kenya na neman katin allurar cutar shawara daga masu zuwa daga Najeriya. Sai bayan kwana 10 da yin allurar katin ke fara aiki, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har abada. A tafi da rigar sanyi da hula da gorar ruwa ta dindindin, domin an haramta leda a Kenya tun 2017, an kuma hana shiga gandaye da robar ruwa ta sha-ka-yar tun 2020.

Dabba mai ƙoshin lafiya ma na iya ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa a miyau da kashi da gashinta. A wanke hannu da sabulu da ruwa bayan an taɓa dabba ko shingenta, ko da ba a ga datti ba. Man goge hannu na taimakawa kafin a samu famfo, amma bai kai sabulu ba. Kada a ci ko a sha a gefen dabbobi, kada a fito da bulumbotin jariri a wurin. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu juna biyu da masu raunin garkuwar jiki, gara su tsaya a kallo, musamman wurin kunkuru da macizai da ƙadangaru. Wasu baƙi kan sa abinci a leɓe don raƙumin dawa ya lasa a ɗauki hoto. Kada a bar yaro ya kwaikwaya.

Birai sun fi zaki zama haɗari ga baƙo, domin su ne ke zuwa inda mutane suke. Da sun ga biskit a hannun yaro za su fizge. A rufe gilashin mota a wurin hutawa, abinci ya zauna a jaka. Idan dabba ta yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar don allurar ciwon haukan kare, kada a jira sai an dawo gida. Ciwon na kashe kimanin mutum 59,000 a duniya duk shekara, yawanci ta cizon kare, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a tsira. Yaro kan ɓoye yakushi don tsoron faɗa, saboda haka a gaya masa tun a gida cewa duk abin da ya taɓa shi ya faɗa, ba wanda zai dake shi. In zazzaɓi ko gudawa ya kama wani bayan an dawo, a sanar da likita inda aka je da dabbobin da aka taɓa.

Sai batun tsaraba. Awarwaro ko carbi ko ɗan kunne na hauren giwa, komai ƙanƙantarsa, laifi ne babba a Kenya, ana kama mutane da shi a filin jirgi, har masu wucewa kawai. Kada a saya, kada kuma a shiga ƙasar da wanda aka gada.

Namu na gida

Raƙumin dawa ya taɓa yawo a dazuzzukan arewacin Najeriya, sunansa ma shaida ne cewa kakanninmu sun san shi. Yau ya ɓace, waɗanda ke gandun Sumu a Jihar Bauchi daga Namibiya aka kawo su. Ragowar nau'in Afirka ta Yamma suna Jamhuriyar Nijar, a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. A 1996 guda 49 suka rage a duniya. Da aka hana farautarsu, aka kuma sa mutanen ƙauyukan cikin aikin suna samun abin hannu, sai suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi wasu zuwa gandun Gadabeji da ke Jihar Maraɗi. A can ba shinge, cikin gonakin gero da wake suke kiwo tare da jama'a.

Wanda bai samu halin zuwa Kenya ba, Yankari na nan a Bauchi, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, da ragowar giwayenta da ɓauna da gwanki da ruwan ɗumi na Wikki. Da rani aka fi ganin dabbobi, daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe suka taru a bakin kogin Gaji. Yaran da za su yanke hukunci nan da shekara 30 kan ko a bar giwayen Yankari ko a mayar da dajin gona da gawayi, su ne ke firamare yanzu. A kai su su gani, a riƙe musu hannu, a tafi da sabulu a jaka.